Tanimu ɗan Sulaimanu, Sarkin Damagaram da ya zuba igwa a gida

A cikin sarakunan da suka yi mulki tsakanin kogin Kwara da Tafkin Chadi a ƙarni na 19, kaɗan ne sunansu ya haɗu da bindiga kamar Sarkin Damagaram Tanimu ɗan Sulaimanu, wanda littattafan Faransanci ke rubuta sunansa Tanimoune. Ya riƙe sarauta fiye da shekara 30 a birnin da taswira ke kira Zinder, a Jamhuriyar Nijar ta yau, ya rasu a 1884. Sarakuna da yawa na zamaninsa sun sayi bindigogi. Abin da ya ware shi daga cikinsu shi ne ya gane cewa saye shi ne mafi sauƙin aikin. Bayan saye akwai albarushi da dalma, akwai maƙerin gyara, akwai ma'aji, akwai kuma mutumin da za a amince a damƙa wa makamin. Ya shafe mulkinsa yana tattara waɗannan a wuri guda, a ƙarƙashin idonsa. Yanzu da ake ta muhawara a Arewa kan wanda ya cancanci ya riƙe makami, tarihinsa ya dace a sake duba shi, da nasararsa da kuma abin da aka biya kafin a same ta.

Gidan da ya taso

Gidan sarautar Damagaram asalinsa daga Barno ne. Wani malami Babarbare ne ya kafa shi a ƙarni na 18, zuriyarsa suka yi ta ƙaura daga ƙauye zuwa ƙauye suna riƙe da ƙaramar ƙasa, suna kai gaisuwa ga Mai na Barno. Mahaifin Tanimu, Sulaimanu ɗan Tintuma, shi ya tsayar da fadar a Zinder a farkon ƙarni na 19. A daidai wannan lokaci jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya sauya fuskar ƙasar Hausa. Kano da Katsina da Daura da Zazzau suka koma ƙarƙashin tutar Sakkwato, sarakunan Haɓe da aka kora suka watsu: na Katsina suka ƙare a Maraɗi da Tasawa, na Daura a Zango da Baure, na Zazzau suka yi kudu har suka kafa Abuja, garin da ake kira Suleja a yau. Damagaram ba ta shiga Daular Usmaniyya ba. Ta zauna a gefen Barno, tana kallon Kano ta kudu.

Dukiyar garin a wurin zamansa take. Ayarin da ya taso daga Tarabulus ya biyo ta Gadamas da Gat da Azbin, kafin ya kai Kano sai ya sauke kaya a Damagaram. Garin kashi biyu ne: Birni, inda sarki da fadawa suke, da Zango, inda Buzaye da fataken Larabawa ke sauka. Bature James Richardson ya iso garin a Janairun 1851, Bajamushe Heinrich Barth kuma ya zauna a ciki daga ƙarshen 1852 zuwa farkon 1853, ya kwatanta shi da ƙofar shiga ƙasar Sudan. Wanda ke zaune a bakin ƙofa shi ke fara ganin kaya, kuma a cikin kayan da raƙuma ke ɗaukowa akwai bindigogi da farar wuta da tagulla.

Sarauta sau biyu

Da Sulaimanu ya bar gado a 1822, ɗansa Ibrahim ya hau. Tanimu ya fara samun sarauta a 1841, amma ba ta wuce shekara biyu a hannunsa ba, Ibrahim ya dawo a 1843. A cikin wannan ja-in-ja na 'yan'uwa, kalmar ƙarshe a Kukawa take, wurin Shehu Umar ɗan Al-Kanemi, domin shi ke da ikon naɗawa da tuɓewa, kuma yana da rundunar da za ta tabbatar da abin da ya yanke. Sai a farkon shekarun 1850 Tanimu ya sake hawa, wannan karon har mutuwa.

Duk abin da ya yi daga baya ana iya karanta shi a matsayin amsar wannan faɗuwa ta farko. Ya ga yadda ake fitar da sarki daga gidansa idan garinsa ba shi da ganuwar kirki, kuma ƙarfinsa ya dogara ga dawakin hakimai waɗanda za su iya juya baya gobe. Saboda haka ya fara da gini. A tsakiyar shekarun 1850 aka kewaye Birni da doguwar ganuwa mai kauri, mai ƙofofi, wadda guntayenta ke nan har yanzu. Sa'an nan ya juya ga makami.

Bindigar wancan zamani

Ba Tanimu ya kawo bindiga wannan yanki ba. Tun ƙarshen ƙarni na 16 Mai Idris Aloma na Barno yana da 'yan bindiga waɗanda Turkawa suka horar. Tarihin Kano ya ambaci shigowar bindigogi a zamanin Sarki Kumbari, a tsakiyar ƙarni na 18, ya kuma ce Babba Zaki ne ya fara ajiye 'yan bindiga su yi masa tsaro. Duk da haka, yaƙe-yaƙen jihadi da kwari da baka aka ci su, da takobi da mashi da doki. Dalilin yana cikin bindigar kanta.

Wadda ta fi yawa a kasuwa ita ce mai ɗuri ta baki, irin wadda ake kira adaka ko harba-ka-ruga. Sai an zuba albarushi ta baki, a danna, a saka dalma ko guntun ƙarfe, a sake dannawa, sa'an nan a ja kunama, ƙanƙara ta bugi ƙarfe, tartsatsi ya kama albarushi. Ƙwararren soja a Turai yakan yi harbi biyu zuwa uku a minti guda, alhali ɗan baka ya saki kibiya da yawa a wannan tsakani. Ba ta cika samun abin da aka auna ba idan ya wuce taku ɗari. Da damina albarushi yakan yi sanyi ya ƙi kamawa. Masu arha da ake ƙerawa a Birmingham ta Ingila da Liège ta Beljiyam don kasuwar Afirka, bututunsu kan fashe a hannun mai harbi. Barde mai lifidi da sulke yana da hujjar raina ta.

Amfaninta yana fitowa ne idan ta yi yawa kuma aka tsara masu riƙe da ita. Mutum ɗari su yi harbi lokaci guda, dawakin da ba su saba da ƙara da hayaƙi ba sai su firgita, sahu ya karye. A bayan ganuwa kuwa, inda mai harbi ke da sukunin yin ɗuri, ta fi kowane makami. Wannan ne Tanimu ya gane, shi ya sa ganuwa da bindiga suka tafi tare a tsarinsa.

Albarushi da igwa

Fina-finan yaƙi sun saba nuna bindiga tana ta aman wuta ba ta ƙoshi ba ta yunwa. A zahiri bindiga ciki gare ta, kuma wanda ba ya iya ciyar da ita sanda kawai yake riƙe da ita. Sarkin da albarushinsa ke zuwa daga Tarabulus, tafiyar watanni a kan raƙumi, yaƙinsa yana hannun fatake da Buzayen hanya. Tanimu ya sa aka riƙa haɗa albarushi a cikin garinsa. Abu uku ake gaurayawa: wani gishiri da ake tacewa daga ƙasa, wanda shi ne kusan kashi 75 cikin 100, sai gawayi kusan kashi 15, sai farar wuta kusan kashi 10. Biyun farko ana samun su a gida. Farar wuta ce ake jiran ayari ya kawo daga arewa, kuma ita ce mafi ƙanƙanta a cikin haɗin. Da wannan lissafi kayan raƙumi guda ya zama albarushin raƙuma da yawa.

Abin da ya fi ba mutanen zamanin mamaki shi ne igwa. Maƙeran Damagaram sun zuba igwa da tagulla, sun yi mata ƙafafun da ake jan ta a kai, sun ƙera abin da take harbawa. Zubin igwa aiki ne mai wuya, domin sai an narkar da ƙarfe mai yawa lokaci guda, kuma ƙaramin rami a cikin zubin ya isa ya sa ta tarwatse ta kashe masu harba ta. Ayarin Faransawa ƙarƙashin Jean Tilho, wanda ya yi aikin shata iyakar Nijar da Nijeriya tsakanin 1906 da 1909, ya tattara labaran garin ya rubuta cewa Tanimu ya mallaki bindigogi kusan 6,000 da igwa kusan 40. Wasu marubuta sun kawo adadin igwa da bai kai haka ba. Ko da an ɗauki mafi ƙanƙanta, babu sarki a ƙasar Hausa a lokacin da ke da kwatankwacinsa.

Hannun da aka damƙa wa makami

Tambaya ta gaba ita ce wa zai riƙe. Doki da takobi gadon manya ne, ana koyon su tun ƙuruciya, kuma barde yana bin ubangidansa kafin ya bi sarki. Bindiga kuwa cikin makonni ake koya wa mutum ita, kuma idan sarki ne ke riƙe da albarushi, mai bindiga ba shi da wani ubangida sai shi. Saboda haka sarakunan ƙarni na 19 suka fi damƙa ta ga bayin fada, waɗanda ba su da dangin da za su nema wa sarauta. A Kano manyan bayin sarki irin su Sallama ne suka riƙe wannan ɓangare. A Damagaram Tanimu ya ɗaga darajar bayin fada da bābānni, ya ba su muƙamai da runduna, ya rage dogaro ga 'yan'uwansa da tsofaffin gidajen sarauta. Bindiga ta zama hanyar tattara iko a cikin gida kafin ta zama barazana ga maƙwabta.

Da wannan runduna ya faɗaɗa ƙasarsa. Garuruwan Sosebaki, wato Mirriya da Wacha da Dungas, suka shiga hannunsa. Ya mamaye Muniyo ta gabas, wadda ita ma mai kai gaisuwa Kukawa ce. Haɓen Daura na Zango da Baure suka zauna a ƙarƙashin inuwar Damagaram. Hare-haren Damagarawa suka riƙa kaiwa Gumel da Kazaure da arewacin ƙasar Kano, har sunansu ya zama abin tsoro a ƙauyukan kan iyaka.

Abin da aka biya

Bindiga da tagulla da farar wuta ba kyauta ake ba da su ba. Damagaram na sayar wa arewa fatu da hauren giwa da gashin jimina, wanda kasuwarsa ta bunƙasa a Turai a shekarun 1870. Amma babban abin biya mutane ne. Richardson, tun kafin Tanimu ya dawo kan gado, ya rubuta yadda ya ga an fita hari an dawo da bayi, har daga cikin garuruwan da ke ƙarƙashin sarautar kanta, domin a biya bashin fatake. Daular Turkiyya ta haramta cinikin bayi a Tarabulus a 1857, amma ayari bai daina tafiya da su ba. A zamanin Tanimu abin ya zama zagaye: a kama mutane a sayi bindiga, a ɗauki bindiga a kamo wasu. Waɗanda ba a tura hamada ba aka zaunar da su a gonakin sarki da na manya, ko aka sa su cikin runduna.

Duk wanda zai yabi hikimar Tanimu dole ya ajiye wannan kusa da yabon. Amincin da ɗan Birni ya samu a bayan ganuwa, manomin Gumel ne ya biya shi da 'ya'yansa. Matafiyan zamanin sun kuma sifanta shi da tsanani, mai saurin hukunci, wanda na kusa da shi ma ke shakka.

Tsakaninsa da Kukawa

Barno ba ta ji daɗin abin da take gani ba. Bajamushe Gustav Nachtigal ya isa Kukawa a 1870 ɗauke da kyaututtuka daga Sarkin Prussia zuwa ga Shehu Umar, a cikinsu har da bindigogi na zamani masu ɗuri ta baya. Ya tarar fadar na maganar Tanimu a matsayin bara da ya yi ƙiba ya fara wuce gona da iri, musamman bayan abin da ya yi wa Muniyo. Ganuwarsa da igwarsa su ne abin da ya fi tsaya wa Kukawa a rai. Tanimu bai taɓa fitowa fili ya yanke alaƙa ba. Ya ci gaba da aika gaisuwa da kyaututtuka, yana kiran kansa mai biyayya, ganuwa na tsaye, igwa na wurinta. Shehun da ya iya mayar da Ibrahim kan gado a 1843 bai iya tuɓe Tanimu ba a shekarun 1870. A sunan Damagaram na ƙarƙashin Barno, a aikace ita ke yi wa kanta hukunci.

Shekarar 1884

Tanimu ya rasu a 1884 yana kan gado, ƙasarsa ta fi yadda ya same ta faɗi da ƙarfi. A wannan shekarar abubuwa uku suka faru a Turai waɗanda suka rushe lissafinsa. A Landan, Hiram Maxim ya nuna bindigarsa mai sarrafa kanta, wadda ke harba harsashi ɗaruruwa a minti guda. A Faransa, Paul Vieille ya haɗa albarushi marar hayaƙi, wanda ya haifar da bindigar Lebel bayan shekara biyu. A Berlin kuwa, a watan Nuwamba, ƙasashen Turai suka zauna taron da ya tsara yadda za su raba Afirka. A 1890 suka ƙara da yarjejeniyar Brussels, wadda ta taƙaita sayar wa mafi yawan Afirka bindigogin zamani, ta bar musu masu ɗuri ta baki. Harsashin sabuwar bindiga kwanso ne na tagulla da injin masana'anta ke bugawa, abin da maƙerin Birni ba shi da kayan yi.

Gadon ya ɗan jima yana aiki. Da Rabeh ya rushe Kukawa a 1893, ɗan Tanimu, Amadu Kuren Daga, wanda ya hau a wannan shekara, ya ƙi miƙa wuya gare shi. Ya kai yaƙi har kusa da ganuwar Kano a zamanin Sarki Aliyu Babba, ko da yake bai shiga birnin ba. A Mayun 1898 aka kashe Kyaftin Cazemajou na Faransa a Damagaram. A ƙarshen Yulin 1899 ragowar ayarin Voulet da Chanoine, 'yan ɗaruruwan sojoji masu bindigogin zamani, suka haɗu da rundunar Amadu a Tirmini, yamma da birnin. Cikin yini guda aka gama. Faransawa suka shiga Birni, aka kashe Amadu a watan Satumba. Shekara 15 kacal ke nan bayan rasuwar Tanimu. Garin ya zama hedikwatar mulkin Faransa a Nijar har 1926, lokacin da aka mayar da ita Yamai.

Daga Damagaram zuwa Suleja

Mazaunin Suleja zai fi gane wannan labari idan ya gwada shi da na garinsa. A shekarar 1851, daidai lokacin da Tanimu ke komawa gado, Abu Kwaka ya hau sarautar Abuja, garin da Abu Ja ya kafa a 1828. Abuja ba ta kan hanyar hamada, ba ta zuba igwa ba. Duwatsu da kurmi da ganuwa da 'yan baka ne suka tsare ta. A farkon shekarun 1890, zamanin Ibrahim Iyalai, Sarkin Zazzau Yero, wanda ya shahara da rundunar 'yan bindiga, ya kawo mata yaƙi ya koma bai ci ta ba. Amma a 1902 Turawan Ingila suka shiga Abuja, a Fabrairun 1903 suka ci Kano, a Maris suka ci Sakkwato. Mai igwa da mai kibiya duk ƙarshensu ɗaya ne a gaban masana'antar da ba su da irinta.

Tambayoyin da Tanimu ya fuskanta suna nan a kan teburan ma'aikatu a Abuja ta yau. Ta farko ita ce ƙira a gida. An kafa kamfanin ƙera makamai na DICON a Kaduna tun 1964, amma har yanzu manyan makaman ƙasar daga waje ake sayo su, kuma mai sayarwa na iya gindaya sharaɗi ko ya ƙi. Ta biyu ita ce wanda zai riƙe. Dokar makamai ta 1959 ta raba izini hawa uku: manyan makamai sai da izinin Shugaban Ƙasa, bindigar mutum ta kansa sai da na Sufeto Janar na 'yan sanda, mai ɗuri ta baki kuwa Kwamishinan 'yan sanda na jiha ke ba da nata. A Yunin 2022 gwamnatin Zamfara ta yi kira ga jama'a su nemi lasisin bindiga don kare kai daga 'yan bindigar daji, kiran da hukumomin tsaro na tarayya ba su amince da shi ba. Ta uku ita ce ma'aji. Rahoton Babban Mai Binciken Kuɗi na Tarayya na shekarar 2019 ya ce akwai bindigogi ƙirar AK-47 guda 88,078 na 'yan sanda da ba a iya ba da bayanin inda suke ba ya zuwa ƙarshen 2018.

Tanimu ya amsa waɗannan tambayoyi uku da tsari mai tsauri: ya ƙera abin da zai iya, ya riƙe albarushi a hannunsa, ya san wanda ya ba kowace bindiga. Da wannan ya kai ƙaramar masarauta matsayin da Barno da Kano suke shakkarta. Inda ya gaza kuwa a wuri biyu ne. Ya gina tsaron birninsa a kan rashin tsaron ƙauyukan da ke kewaye da shi, kuma ya ƙware a fasahar da zamaninta ke shirin wucewa. Fadarsa na nan a Birni, zuriyarsa ke zaune a ciki, kuma a hawan salla, a Damagaram kamar a Kano da Katsina da Zazzau, 'yan bindiga na fitowa da adaka su cika sama da hayaƙi. Albarushin da suke zubawa haɗinsa ɗaya ne da wanda aka daka a zamaninsa.